Kyanwata tana ta amai tun jiya, na jira ne ko na kaita asibitin dabbobi?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu kiwon mage ku taimaka min da shawara. Ina da wata kyanwa da na raina tun idonta bai gama buɗewa ba, yanzu ta kai shekara biyu, Fari muke ce mata duk da ba wata fara bace, yara ne suka sa mata sunan. Tun jiya bayan la'asar take amai. Na farko abinci ne ta dawo dashi, shinkafa da ɗan kifin da na bata da rana, ban damu ba don ta saba yin haka in ta haɗiye abinci da sauri kamar ana binta. Amma daga magariba zuwa safiyar nan ta yi sau biyar, kuma yanzu ba abinci a ciki, kumfa ce fara daga baya ta koma wani ruwa ruwan ɗorawa mai yauƙi, ko ruwa ta lasa baya minti goma sai ya dawo. Ta shige ƙarƙashin gado ta duƙunƙune, ita da ko ƙarar buɗe firij taji daga tsakar gida sai ka ganta a gindinka tana kuka.

Abu biyu ne suka tsaya min a rai. Satin da ya wuce maigidan ya sa maganin ɓera a sito, kuma shekaran jiya na ganta da ƙadangare a baki. Maƙociyata tace na ɗura mata manja cokali biyu sannan na raba Panadol gida huɗu na bata ɗaya, ban dai bata ba tukuna don hankalina bai kwanta ba. Na jira zuwa gobe ko na nemi asibitin dabbobi yau? A Kano nake.

Dan Kurmi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai inaga karki tada hankalinki, mage da amai ai kamar kaza da tono ne. Muzuruna duk sati biyu sai ya fita ya ci ciyawa a bakin rariya ya dawo ya amayar min akan kafet, wani lokacin harda wani curin gashi dogo kamar dan yatsa, yana gamawa zai mike ya nufi kwanonsa kamar ba shi ba. Ki barta ta huta kawai, in kinga dama ki fasa mata kafso din nan ja da yalo a ruwa kamar yadda ake wa kaji.

Talaka Bawan Allah:

Ikon Allah. Mutane na neman na masara ku kuna neman asibitin mage

Bazazzagiya:

Malam Talaka ai mai neman na masara ma in dabba tana hannunsa haƙƙinta na wuyansa, mace ta shiga wuta saboda mage da ta kulle bata bata abinci ba, wannan ko ɗan islamiyya ya sani, ka barta ta tambayi abinda ya dameta.

'Yar uwa don girman Allah KAR ki bata Panadol, ni na ga abinda yake yi da idona. Shekaru uku da suka wuce ƙanwata ta ba wata kyanwarmu rabin ƙwaya da daddare don taji jikinta da zafi, da niyyar taimako wlh, kafin asuba fuskarta ta kumbura har idon ya shige, tafin ƙafafunta ma sun kumbura, numfashi sama sama, da muka ɗaga leɓenta dadashin ya koma wani kala kamar ƙasa-ƙasa kamar shuɗi. Mun kaita asibiti da safe amma mun makara, likitan yace da mun barta da zazzaɓinta da yanzu tana nan. Har yau ƙanwar tawa in aka tada zancen sai tayi shiru. In kina da hali ki kaita yau, mu nan Zariya asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na ABU muke zuwa a Samaru, Kano ma akwai na gwamnati da masu zaman kansu, ki tambayi masu sayar da maganin kaji da shanu na unguwarku duk sun san inda likitocin suke.

Likitan Dabbobi:

Hajiya sannu, Allah ya bata lafiya. Amsar a gajarce ki kaita yau, kar ki kai gobe. Bari na faɗi dalili don wasu ma su amfana.

Abinda Ɗan Kurmi ya faɗa akan muzurunsa gaskiya ne amma ba irin naki bane. Mage tana lashe jikinta kullum tana haɗiye gashi, wani ya wuce ta kashi wani ya dunƙule a ciki ta amayar dashi, haka in ta ci ciyawa. Akwai kuma wanda ma ba amai bane, tumbuɗi ne kamar na jariri, ta ci da haɗama minti kaɗan abincin ya zubo yadda ya shiga, ba yunƙuri ba motsin ciki, wani lokacin ma ta juya ta cinye abinta. Amai na gaske zaki ga tana lasar baki tana haɗiyar yawu, cikin yana bugawa sau uku sau huɗu kafin ya fito. Irin wanda tayi sau ɗaya ta miƙe ta ci abinci ta hau katanga, wannan sai a sa ido kawai, a ɗauke abinci na 'yan awoyi a bar mata ruwa, daga baya a bata dafaffiyar kaza ko kifi mara ƙaya kaɗan kaɗan ba gishiri ba magi. Ni abinda nake cewa mutane kullum ku kalli magen fiye da yadda kuke kallon aman. Taki ta yi sau shida cikin ƙasa da kwana ɗaya, ruwa baya zama, ta daina ci, ta ɓuya. Mage bata nuna ciwo da wuri, ranar da kika ga ta ɓuya to abin ya riga ya yi nisa. Ruwan ɗorawar nan ruwan matsarmama ne, alamar cikin ba komai amma aman bai tsaya ba.

Sauran abubuwan da in an gansu ba a jira: jini a cikin aman, ko ja ko baƙi-baƙi kamar tukar shayi, ciki ya kumbura ko ta yi ƙara in an taɓa, amai haɗe da gudawa musamman ga ƙanana, dalalar yawu da karkarwa, dadashi ya yi fari fat ko cikin kunne da ido su yi ɗorawa kamar mai shawara. Muzuru kuma in yana amai yana ta tsugunno fitsari baya fita ko ɗigo ɗigo, wannan mafitsara ce ta toshe, kwana biyu zuwa uku ya isa ya kashe shi, mutane suna ɗauka kashi ne ya ƙi fita suyi ta bashi mai. Sannan ko ba amai, mage ta kwana biyu uku bata ci komai ba hantarta tana iya taɓuwa, musamman mai ƙiba, ba kamar kare bace da zai jure yunwa.

Maganar maganin ɓera, iri biyu ne suka fi yawa a kasuwanninmu. Akwai baƙin garin nan mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi da ake cakuɗawa da abinci, shi cikin awoyi yake aiki, amai da ciwon ciki da faɗuwa, kuma warin aman ma guba ne ga mutum, a buɗe taga a kwashe da leda a hannu. Akwai kuma wanda yake hana jini daskarewa, shi sai bayan kwana 3 zuwa 5 ake ganin alama, rauni, dadashi fari, jini ta hanci ko ta kashi, kuma yana da makari, bitamin K1, in an zo da wuri. Don haka ki nemi ledar ko kwalin maganin ki tafi dashi, yana rage mana lalube sosai. Masu zuba fiya-fiya ko Sniper a ɗaki su rufe ƙofa da mage a ciki, ko ta taka ta lashe ƙafa, shi kuma yawu ne zai dinga zuba da karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke. Ƙadangare da ɓera kuwa yawanci tsutsar ciki suke jawowa, bana tunanin shi ya kwantar da ita haka dare ɗaya.

Manja kar ki bata. Baya kashe guba, kuma dabbar da take amai in aka ɗura mata mai da ƙarfi yana iya sarƙe ta ya wuce huhu, sai a zo da ciwo biyu. Ruwan gishiri ma haka, madara ma haka, dama yawancin manyan mage cikinsu baya narkar da madara, zawo take sasu. Panadol kuwa Bazazzagiya ta gama magana, hantar mage bata iya sarrafa farasitamol kamar tamu, ƙwaya ɗaya ta 500mg tana kashe babbar mage, kwatan da akace ki bata ma ya isa yayi ɓarna. Ibuprofen da diclofenac suna cin ciki suna lalata ƙoda. Ja da yalo kuma ba abinda zai yi mata.

Kafin ki fita ki duba min abu biyu. Ki ɗan ja fatar ƙeyarta sama ki saki, in ta koma nan take da sauƙi, in ta tsaya kamar tanti to ruwan jikinta ya yi ƙasa, zata buƙaci ƙarin ruwa. Na biyu, akwai mai ɗinki ko saƙa a gidan? Ko yara masu wasa da zare, ko igiyar bakin buhu? In akwai, ki naɗe ta a tawul wani ya riƙe miki ki haska tocilan waya ki duba ƙarƙashin harshenta, in ta ƙi kar ki matsa kar ta cije ki.

Uwar Biyu:

Innalillahi. Dokta ni ce mai ɗinkin, kekena a falo yake, kuma wlh kullum tana ƙasan keken tana wasa da guntayen zare har nakan yi dariya na ɗauketa bidiyo. Yanzu muka duba ni da babban ɗana da ƙyar, akwai zare baƙi ya zagaye gindin harshen ya shige har ya fara yanka wajen, ba don kace na duba ba bazan taɓa gani ba, irin zaren da nayi aikin wata abaya dashi shekaran jiya ne. Fatar ma tana komawa amma a hankali. Yaron yace ya kawo ɗan hantsakin da nake zare zare dashi mu jawo shi, na jawo?

Likitan Dabbobi:

A'a Hajiya kar ki ja, ko kaɗan, ko da kinga wani bakin yana leƙowa ta duburarta shima kar ki taɓa. Ke mai ɗinki ce zaki fi kowa gane wannan. Kin san in kina tattara a siket, ki riƙe bakin zare ɗaya ki tura yadin ya tattare a jikinsa? To haka hanji yake yi. Baki ɗaya ya maƙale a harshe, sauran ya bi ciki ya shiga hanji, hanjin yana ta ƙoƙarin turawa abu baya tafiya, sai ya tattare a jikin zaren kamar wando a jikin zariya, zaren kuma ya miƙe tsam yana goga shi ta ciki. In kika ja kamar kin sa zarto ne, yana iya huda hanjin a wurare da yawa, kashi ya zuba a cikin ciki, daga nan aikin ya zama wani abu daban. Dalilin da yasa suke haɗiye shi kuwa harshensu ƙaya-ƙaya ne masu kallon maƙogwaro, shi yasa kike jin kaushi in ta lashe ki, in zare ya hau ba ta iya tofarwa sai dai ta yi ta haɗiya.

Kar ki ƙara bata abinci ko ruwa don wataƙila a sa mata maganin barci. Ki sata a kwali ko kwando mai murfi ki huda masa iska, kar ki riƙeta a hannu a adaidaita sahu, ƙarar hanya kaɗai zata sa ta kubce. Ki duba ko akwai allurar hannu da ta ɓata miki, in akwai ki faɗa musu. Kuna isa asibitin ki fara da maganar zaren kafin wani ya yi mata allurar tsayar da amai, don akwai wadda take ƙara motsa hanji, bata dace da irin wannan ba. Za su yi hoto ko sikanin, wani lokacin in an zo da wuri kuma magen da ƙarfinta akan yanke zaren a gindin harshe a kwantar da ita a sa ido ya wuce da kansa, amma yadda kika bada labarin taki ki shirya jin maganar tiyata. Ledar maganin ɓeran ma ki tafi da ita duk da haka.

Ɗan Maraɗi:

Allah shi bata lahiya Hajiya. Likita tunda kana kusa nima in tambaya, mussarmu ta haihu ɗiya huɗu yanzu wata biyu kenan, biyu daga ciki suna amai jefi jefi, jiya ɗaya ta amayo wata tsutsa fara doguwa kamar taliya tana motsi, yara sunka watse da gudu. Cikkunansu sun yi tulu amma baya duk ƙashi, suna dai cin abinci suna wasa. Bara kuma wasu ukku munka rasa cikin sati guda, su amai da zawo sunka yi, suna zama bakin kwanon ruwa ba su sha.

Likitan Dabbobi:

Malam na Maraɗi abu biyu ne daban ka faɗa. Na bana tsutsar ciki ce, kuma yawanci ta nonon uwa suke samunta shi yasa zaka ga duk 'ya'yan suna da ita ko basu taɓa fita waje ba. Maganinta ba tsada, amma a auna nauyinsu a basu daidai, kar a ɗebo na tumaki ko na shanu a kimanta da ido, da yawa an kashe ƙanana ta haka. A ba duka huɗun har da uwar, a maimaita bayan sati 2 don na farko baya kashe waɗanda basu gama girma ba, daga nan duk wata har su kai wata 6, manya kuma duk wata 3, mai farautar ɓera ma fiye da haka. In kaga wasu abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a gindin jela ko inda suke kwana wannan wata tsutsar ce daban mai faɗi, ƙuma ce ke kawota, sai an haɗa da maganin ƙuma, kuma na mage takamaimai, don wasu magungunan ƙuma da kaska na karnuka suna sa mage farfaɗiya har ta mutu. A dinga kwashe kashinsu kullum, yara su wanke hannu, ƙwan tsutsar nan yana zama a ƙasa kuma yana shiga yaro mai wasa da ƙasa yana kai hannu baki.

Na bara kuwa, yadda ka kwatanta zaman nan a bakin ruwa ba sha, ya yi kama sosai da wata cutar bairos da muke kira fanlukofeniya, 'yar uwar cutar fabo ta karnuka ce, tana cinye hanji tana karya garkuwar jiki, ƙanana marasa rigakafi take kwashewa cikin kwana kaɗan. Abin damuwar ƙwayar cutar tana iya shekara a gida bata mutu ba, sabulu da Dettol basa mata komai sai bilic irin Hypo ko Jik, don haka waɗannan na bana suna cikin haɗari in a gida ɗaya ne. Ana fara allurar rigakafin a sati 8 zuwa 9, a ƙara bayan sati 3 zuwa 4, naka sun kai yanzu, ka fara basu na tsutsa sannan ka kaisu. Na haukan kare kuma daga wata 3, mage ma tana ɗauka. Duk ranar da ɗaya ta daina ci ko ta haɗa da zawo kar ka kwana da ita a gida, 'yar wata biyu bata da ruwan jikin da zata yi asara.

Tunda an zo nan bari na ƙara na tsofaffi don kar wani ya tambaya. Mage da ta haura shekara takwas goma tana amai duk sati tana ramewa tana shan ruwa kamar raƙumi, ba tsufa bane kawai, ƙoda ake fara dubawa da gwajin jini da na fitsari. Kuma masu zuba musu ragowar miya da tsire, albasa da tafarnuwa suna fasa musu jini a hankali, ko dafaffe ne.

Uwar Biyu:

Jama'a na dawo, ku yi haƙuri kwana biyu ban leƙo ba. Alhamdulillah Fari tana nan da ranta. Muna zuwa na faɗa musu zancen zaren kamar yadda Dokta yace, suka sa mata ruwa a hannu suka yi hoto, likitar ta nuna min yadda hanjin ya taru waje ɗaya, aka yi tiyata da yamma, wuri biyu suka yanka kafin su fitar dashi duka. Ta nuna min shi a cikin wani faranti, wlh ya fi yadi ɗaya, tace akwai inda ya kusa hudawa, da mun ƙara kwana da wani labarin ake. Ba allurar ɗinki a cikin, kuma basu ga alamar maganin ɓera ba. Kuɗin dai ya ja, na ɗinkin sati biyu ya tafi, maigidan yana ta tsiya wai ko shi ba a taɓa kashe masa haka ba amma shi ya koma ɗaukota da kansa. Sun sa mata wani abu a wuya kamar mazurari don kar ta lashi ɗinkin, tana tafe tana karo da ƙafar kujera yara na ta dariya. Jiya da daddare ta ci kaza kamar cokali biyu bata amayar ba. Bazazzagiya na gode 'yar uwa, Panadol ɗin yana hannuna a rabe lokacin da na karanta naki.

Dokta tambaya ɗaya, har yanzu bata yi kashi ba tun da aka yi aikin, kuma tana ta ƙoƙarin cire mazurarin da ƙafa, na cire mata in zata ci abinci?

Likitan Dabbobi:

Masha Allah, barka Hajiya. Rashin kashi kwana biyu uku bayan aikin hanji ba komai, cikin dama ba abinci, in dai tana ci bata amai ki bata lokaci, in ya wuce kwana huɗu ko aman ya dawo ko ta sake ɓuya ko wajen ɗinkin ya fara ruwa ki koma wajensu a ranar. Mazurarin ki cire lokacin cin abinci kawai kina zaune a wajen, tana gamawa ki mayar, minti biyu ya isheta ta warware ɗinkin da haƙori. Yawanci kwana 10 zuwa 14 ake cire zaren ɗinkin, ki bi ranar da suka rubuta miki, kuma kar ki barta ta hau katanga kafin nan.